Hoton da Bai Ga Komai Ba

Gwaram,
14 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga aminiyata Hapsatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da begen ganinki. Yaya jikin Inna, yaya maigidan da yara, yaya kuma zafin Yola? Ina fata duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Ina nan ina fama da 'yan aji huɗu, maigidana Malam Hadi yana fama da manoma da takin zamaninsa, 'yata Mero kuwa bakinta ya buɗe, surutu har sai an roƙe ta ta yi shiru.

Akwai maganar da na kasa yi da kowa a nan, shi ya sa na ɗauko alƙalami, tunda ke kika san ni tun muna kwana ɗaki ɗaya a kwalejin horon malamai. Watan jiya ina wanka na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, can sama wajen hammata. Bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ba ya ciwo, ba ya zafi, yana nan dai kurum. Da farko na ɗauka ragowar ruwan nono ne, sai na tuna na yaye Mero tun daminar bara.

Na je asibiti a Birnin Kudu. Likitan da na samu wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya duba a tsanake, ya ce shi hannunsa ba ido ba ne, shawararsa a ɗan tsaga a ciro abin, a aika da shi Zariya a duba da madubin gwaji mai ƙara girman abu, kowa ya huta. Da na dawo na gaya wa Malam Hadi sai ya zabura kamar an ce layya za a yi da ni. Wai wannan tsohon yayi ne. Wai yanzu ƙasa ta yi arzikin mai, akwai wani asibitin kuɗi a Kano da ya sayo na'ura daga Jamus mai ganin cikin jikin mutum, ba wuƙa ba jini. Kin dai san mutumin naki. Tun da aka biya su kuɗin ƙarin albashin nan na Udoji ya sayi babur da rediyo mai kaset, duk abin da aka ciro daga kwali sabo fil a wurinsa ba ya ƙarya.

Muka tafi Kano. Da kin ga wurin da kin rantse otal ne. Darduma har bakin ƙofa, sanyi kamar cikin randa, bango duk takardun shaida a gilashi. Mai wurin, Dakta Sanda, ba zai girme mu da yawa ba. Ga ƙaton laktaye, ga ƙaton agogo da yake ta girgizawa don kada a ce ba a gani ba. Tun da muka zauna da maigidan yake magana, da Turanci, ta saman kaina, kamar tallan fura na kawo. Bai san Turancin da yake taunawa shi nake koyarwa ba. Da ya zo dubawa, da yatsu biyu ya taɓa, irin yadda ake taɓa tukunya a ji ko ta huce. Sannan aka kai ni ɗakin na'urar, ta matse ni har na yi ƙwalla.

Da hoton ya fito ya ɗaga shi sama wajen fitila, shi da Malam Hadi suka tsaya suna kallo suna gyaɗa kai. Ni dai farin gajimare kawai na gani. Ya tambayi shekaruna, ba ni ya tambaya ba, mijina ya tambaya. Da ya ji ashirin da shida sai ya yi 'yar dariya, ya ce daji ciwon iyayenmu ne, ba ya kama irina, ga hoto kuma fes. Na ce, to wannan da nake ji da hannuna mene ne? Nan ne ya juyo gare ni, ya koma Hausa, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce, "Malama, tsoka ce irin ta 'yan mata, da kanta za ta baje. Ki dai daina taɓawa."

Duk hanya Malam Hadi yana yabon Jamus. Ni kuwa, in gaya miki gaskiya, mutumin bai cika mini ido ba ko kaɗan, amma abin da ya faɗa shi nake son ji. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ki gai da Inna da kyau, ki shafa mini kan yara. Ki rubuto da wuri.

Taki har kullum,
Murja.

Gwaram,
21 ga Satumba, 1975.

'Yar'uwata Hapsatu,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta masoya, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da duk mutan gidan. Takardarki ta iso, na karanta har ta fara yagewa. Na yi murna da jin an ba ki mataimakiyar hedimasta, Allah ya taya ki riƙo. Nan damina ta yi kyau, gero ya nuna, ana shirin yanka.

Albishirinki, Mero za ta yi ƙani ko ƙanwa. Wata uku ke nan. Wannan shi ne labari mai daɗi, na fara da shi don ki samu abin yin murmushi.

Kin tambaye ni ko abin ya baje. Bai baje ba. Na bi umarni na daina taɓawa, shi kuma ya samu sarari. Yanzu ya kai ƙwan zabo, ya kuma yi tauri, ba ya motsi kamar da. Na matsa wa Malam Hadi muka koma Kano. Dakta Sanda bai ma gane ni ba, sai da aka nemo katina. Ya ƙara ƙiba, ya kuma sake agogo. Aka rufe mini ciki da wani mayafi mai nauyin tsiya, aka sake matse ni, ya sake ɗaga hoto wajen fitila, ya sake cewa fes. Da ya ji ina da ciki har daɗi ya ji, don ya samu abin jingina. Ya ce ai shi ke nan, nonon mai ciki dole ya kumbura. Na ce ɗaya ne ya kumbura, a wuri ɗaya. Ya dubi maigidan ya ce da Turanci wai matan da suka ɗan yi karatu sun fi wuyar sha'ani, sun san abin tsoro ba su san abin kwantar da hankali ba. Mijina ya yi dariya, Hapsatu. Ba dariyar mugunta ba, irin dariyar nan da ƙaramin ma'aikaci yake yi idan babba ya yi barkwanci. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini muka taho.

Hotunan nan biyu yanzu suna cikin babban ambulan a saman kabad, kusa da takardar shaidarsa ta makarantar aikin gona. A majalisarsu kuwa an ce ba shi da hira sai ta na'urar Jamus. Ba ya faɗin ko ina aka ɗauka, yakan ce ƙirji, amma dai ciwona ya zama abin taɗin shan iska.

Surukata Inna Batulu ta zo daga Maruta ta kwana biyu. Da ta gani sai ta kwance bakin zane ta ciro ƙullin wata saiwa da aka daka, a kwaɓa da man shanu a riƙa shafawa. Ta ja mini kunne, ta ce in dai daji ne ba ya son ƙarfe, ko allura aka soka masa sai ya fusata ya bazu. Ɗan nata da kullum yake yi mata dariya a kan maganin gargajiya, wannan karon cewa ya yi Inna ta yi gaskiya, a bar abin ya huta. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ganin ɗan boko da uwarsa sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai a wannan, wato kada a duba. Ita dai na yi mata uzuri, abin da ta gada ke nan, kuma da hannunta ta shafa mini tana addu'a. Shi fa, da satifiket ɗinsa?

Ina shafa saiwar, ina shan ƙwayoyin, ina zuwa makaranta. Wani lokaci ina tsakiyar rubutu a allo sai in ji hannuna ya kai wurin da kansa.

Ki sa ni a addu'a. A gai da kowa da kowa.

Taki,
Murja.

Unguwar Ya, Birnin Kudu,
19 ga Disamba, 1975.

Hapsatu 'yar'uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gai da Inna da maigidan da yara, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya. Kada ki yi mamakin adireshin, ina gidanmu ne. Ba yaji na yi ba, ko da yake maƙwabta sun riga sun yanke hukuncin haka.

Abin ya sake kama. Kan nonon ya shige ciki, fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, ga kaluluwa ta fito a hammata. Na nuna wa Malam Hadi da rana tsaka don kada ya ce bai gani da kyau ba. Ya kalla, ya kau da kai, ya ce bari a yi hutu mu koma wurin Dakta Sanda a ɗauki na uku. Ranar da aka ba da hutun na goya Mero a kan cikin nan nawa, na shiga motar 'yan kasuwa na taho gida.

Kin san Baba, ba mai yawan magana ba ne in ba a kan littafi ba. Innarmu ce ta shiga ta gaya masa abin da ta gani. Ya sallami masu ɗaukar karatu a zaure, ya aika a kira masa maigidana. Washegari sai ga shi a kan babur, da ambulan ɗinsa a hammata. Ina daga bayan ƙofar zaure ina ji. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya fara bayani, ya ciro hotuna, ya kawo tarihin Jamus tun daga farko. Baba ya bar shi har ya gaji. Sannan ya ce, "Malam Hadi, ni ban san na'ura ba, ba zan yi maka musu a kanta ba. Yarinyar nan ta ce abu yana girma a jikinta, uwarta ta gani. Ka kai ta Zariya, ko ka ba ni izini in kai ta."

Can sai na ji muryar mijina ta sauya, ta koma ta yaro. Ya ce, "Baba, in suka tsaga suka ce shi ne fa?"

Ashe wannan ne. Duk watannin nan ina zaton na'ura ya yarda da ita, ashe ɓuya ya samu a bayanta. Ya fi son a yi ta ce masa fes har in faɗi. Na tsaya a bayan ƙofar nan ina jin tausayinsa, ina kuma jin wani abu da ban taɓa ji game da shi ba, wanda nake kunyar rubutawa. Raini ne, Hapsatu. Mutumin da zai tsaya gaban manoma ɗari ya ce su tono saiwa su ga ko tsutsa ce ke cin gyaɗarsu, ya kasa bari a tono ta gidansa.

Baba ya ce masa in shi ne, to da ma shi ne tun kafin a tsaga.

Jiya muka koma wurin dattijon likitan nan na Birnin Kudu. Ya gane ni. Na shirya jin faɗa, bai yi ba. Ya duba, ya daɗe yana wanke hannu, ya rubuta mana takardar zuwa Zariya, ya ce kada mu jira sabuwar shekara. Jibi za mu tafi in Allah ya yarda. Mero za ta zauna wurin Innarmu.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Abin cikina ya fara motsi sosai, duk lokacin da ya shure ni sai in rasa ko murna zan yi.

Ki yafe mini gajartar takardar. Sai kin ji daga gare ni.

Taki,
Murja.

Zariya,
8 ga Fabrairu, 1976.

Aminiyata Hapsatu,

Gaisuwa da fatan alheri daga gadon asibiti. Yaya gida, yaya aiki, yaya jikin Inna? Saƙonki na zane da turare ya iso ta hannun ƙaninki, Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yi, hannun hagu kuma ba ya ɗaguwa balle ya riƙe mini takarda.

Shi ne, Hapsatu. Daji ne. Sun cire nonon gaba ɗaya har da kaluluwar hammata. Cikin yana nan lafiya, sun ce bugun zuciyarsa ƙalau. Na faɗa miki a farko don kada ki yi ta sauri kina neman ƙarshen takarda.

Wadda ta duba ni wata likita ce 'yar ƙasar Masar, gajeruwa, mai faɗa kamar uwar ɗakin kwananmu ta kwaleji. Ba ta da fara'a, amma ni take kallo in tana magana. Malam Hadi ya miƙa mata ambulan ɗinsa da hannu biyu. Ta ɗaga hotunan, ta ajiye, ta ce ba su ce akwai ba, ba su kuma ce babu ba. Ta yi mini bayani cewa nonon mace mai ƙuruciya a cushe yake, balle mai ciki, a hoto fari yake fitowa, ƙarin ma fari yake fitowa, kamar a ce ki nemo farin zare a cikin tulin auduga. Ga tsofaffi hoton ya fi amfani don naman ya saki. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, iyakar ganinta ke nan, mai karantawa ne ya kamata ya san inda ganinta ya tsaya. Na so a ce Dakta Sanda yana wurin da laktayensa. Wanda yake wurin dai, maigidana, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Kada ki ɗauka nan ma komai a tafin hannu yake. Sun fara da allura, suka zuƙo ɗan abin da ke ciki suka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo wai ba a ga abin tsoro ba. Malam Hadi har ya fara washe baki yana neman jakarmu. Likitar ta daka masa tsawa, ta ce allura tana iya sukar gefe ta bar ainihin wurin, ita ba za ta sallami ƙari mai wannan kama a kan ɗigon da bai cika bakin cokali ba. Sai da suka tsaga suka yanko, aka duba da madubi, sannan magana ta tabbata. Na tambaye ta, da a watan Afrilu aka yi fa? Ta ce ba za ta rantse ba, amma mai yiwuwa da bai kai hammata ba. Ban sake tambaya ba.

Kafin aikin kuwa na sha kallo. Kowace safiya sai a turo mini garken ɗalibai masu fararen riguna, su jeru su taɓa ɗaya bayan ɗaya, suna ce mini gado na shida. Akwai wani mai ƙaton gashi da ya taɓa da yatsu biyu yana kallon silin. Na riƙe hannunsa na ce ya buɗe tafinsa ya taɓa da kyau, ba wuta ba ce.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya, A'i, 'yar wajenmu ce, daga Kangire. Ba ta kai ashirin ba, ko shekara ba ta yi da aure ba. Ita ma ƙullutu ta ji. Mijinta yana aikin titi a wani gari, can aka kai ta wani asibiti, likitan ya taɓa da hannu ya ce daji ne tabbas, ba lokacin jiran gwaji, ya cire mata nonon dama. Daga baya aka aiko da naman nan aka duba, aka ce ba komai ba ne, irin tsokar nan ce ta 'yan mata da aka ce ni ce mai ita. Mikin aikin ne ya ƙi warkewa aka kawo ta nan. Kin gani, nata likitan ya tabbata akwai, nawa ya tabbata babu, kowannensu ya tabbata, ba wanda ya ga ya kamata ya duba. Rannan A'i ta dube ni ta ce, "Yaya Murja, ni da ke in aka haɗa sai a samu mace guda." Muka yi ta dariya har ɗinkina ya fara zafi, nas ta zo ta raba mu. Da A'i ta juya bango na ji tana kuka.

Maigidan yana nan, a barandar asibiti yake shimfiɗa tabarma tare da sauran masu jinya. Shi ke wanke mini kaya, yana ɓare mini lemo, yana kawo ruwan zafi. Har yau bai haɗa ido da ni ba. Ni ma ban taimake shi ba.

Ki gai da mutan gida. Ki ce wa Inna ina neman addu'arta.

Taki a kullum,
Murja.

Unguwar Ya, Birnin Kudu,
16 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Hapsatu, 'yar'uwar da uwa ba ta haifa mini ba,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa gare ki da maigidan da yara, da fatan Inna ta samu sauƙin ƙafar. Mu nan an yi ruwan farko, wasu har sun yi shuka. Ki gafarce ni da dogon shiru.

Na sauka lafiya a ƙarshen Maris, namiji. An sa masa sunan Baba, muna ce masa Malam Ƙarami. Ɗan mitsitsi ne amma akwai murya. Ina ba shi na daman, yana kamawa, sai dai ruwan ba ya isarsa, yakan saki ya yi ta kuka yana neman ɗayan. Inna Batulu ta zo suna, ta yi mini wankan jego da hannunta. Da ta ga tabon ba ta ce uffan a kan ƙarfe ba, ta dai sa tsumma ta bi shi a hankali.

Mun koma Zariya awo. Sun ce aiki bai ƙare ba, sai an gasa wurin da wata na'ura, ita kuwa sai Ikko. Zan yi kamar wata biyu a can, kuma dole in cire yaron daga nono. Na tambaya ko gashin zai kashe abin. Likitar ta ce zai rage masa hanya. Na gode mata da ba ta ce mini fes ba.

Yanzu ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Makon jiya Malam Hadi ya tashi da safe fuska a murtuke, ya ce Kano za shi, sai ya ga Dakta Sanda ido da ido. Ya ce zai gaya masa maganar da bai taɓa ji ba, zai kai ƙara ma'aikatar lafiya, zai rubuta a jarida. Na ce Allah ya kiyaye hanya. A raina na ce watakila dai akwai sauran wani abu a mutumin nan.

Da la'asar sai ga shi ya dawo, da ƙaton kwali ɗaure a bayan babur. Na sa shi ya zauna ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce an karɓe shi hannu bibbiyu, an ba shi lemon kwalba. Likitan ya nuna alhini ƙwarai, ya ce ƙaddara ce. Ya ce a cikin mata ɗari masu shekaruna da za su zo da irin wannan ƙullutu, casa'in da tara ba komai ba ne, don haka a lissafi shi bai yi kuskure ba. Kin ji malamin lissafi. Ni ce ɗayar, Hapsatu, kuma na zauna a gabansa sau biyu, da bakina na gaya masa. Ya ƙara da cewa yanzu ma ya yi odar wata na'urar da ta fi waccan. Da za su rabu ya sa aka ɗauko wannan kwali daga sito, ya ce a kai wa Malama, gudummawarsa ce.

Madarar jarirai ce ta gwangwani, har da bulumboti biyu na shayarwa. Mutumin da ya sa na rasa nono ya aiko mini da madara. Mijina kuma ya tafi da fushi ya dawo da kwali, har ya ce masa an gode.

Na ce ya ɗauke mini shi daga gabana ya kai bola. Ya ɗauka ya kai bakin zaure, ya tsaya. Sai ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya dube ni, karon farko tun Zariya. Ya ce, "Murja, na san abin da kike gani in kin kalle ni. Ni ma shi nake gani. Amma in kin tafi Ikko me yaron zai sha?"

Mun nemi mai shayarwa a dangi ba a samu ba, madarar kuma ta yi wuya a kanti tun da kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Kwalin ya kwana a zaure. Da safe ni da kaina na aika aka shigo da shi. Na tafasa ruwa, na karanta gwangwanin, na nuna wa Innarmu yadda ake aunawa. Na so yaron ya ƙi. Ya kama ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya yi barcin da bai taɓa yi a ƙirjina ba.

Ranar Asabar za mu hau jirgin ƙasa daga Kano. Malam Hadi ya ɗauki hutu zai raka ni, na bar shi. Abu ɗaya nake roƙonki. An ce bana za a buɗe makaranta kyauta ga kowane yaro, amma kin san mutanenmu da 'ya mace. In na dawo, ni zan kai Mero aji da hannuna in lokacinta ya yi. In ban dawo ba, ki zo ki tsaya a kan maganar, na riga na gaya wa Baba da ubanta, sun amsa. Ki koya mata ta riƙa tambaya har sai an juyo an dube ta.

Zan tsaya nan, yaron ya farka, ruwan kuma ya huce. Ki gai da Inna, ki gai da maigidan, ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Taki har abada,
Murjanatu.